Rawar Ganin Rana Ɗaya: Gwaninta Ce ko Sa'a?

Gabatarwa

A ranar Lahadi, 12 ga watan Satumba na shekarar 2010, a birnin Houston na ƙasar Amurka, wani saurayi mai suna Arian Foster ya yi abin da ya girgiza masu sha'awar ƙwallon Amurka. An miƙa masa ƙwallo sau 33, ya ruga da ita tsawon yadi 231, ya ci gida sau 3, ƙungiyarsa ta Houston Texans ta doke Indianapolis Colts da maki 34 da 24. Abin da ya ƙara wa labarin armashi shi ne, a shekarar da ta gabata babu ƙungiya ko ɗaya daga cikin 32 da ta ga ya cancanci ta zaɓe shi.

Bayan shekara huɗu, a daren Lahadi 16 ga watan Nuwamba na 2014, wani saurayin kuma mai suna Jonas Gray, wanda shi ma ba a zaɓe shi ba, ya yi wa wannan ƙungiya ta Colts irin wannan ta'asa. An ba shi ƙwallo sau 37, ya ci yadi 201, ya shiga gida sau 4, New England Patriots ta yi nasara da maki 42 da 20. Wannan shi ne wasansa na huɗu kacal a babbar gasa. A cikin makon nan hotonsa ya fito a bangon mujallar Sports Illustrated, wadda ta yi fice wajen labarin wasanni a Amurka.

Da za a ajiye sakamakon waɗannan wasanni biyu a gaban mutum, a rufe sunaye, da wuya ya ce ga wanda ya fi wani. Amma Foster ya ƙare kakar 2010 yana kan gaba a duk gasar da yadi 1,616, ya kuma sake wuce yadi 1,200 a shekarun 2011 da 2012 da 2014. Shi kuwa Gray, yadi 80 kawai ya ƙara a sauran wasannin gasar na 2014, kuma kafin a shiga kakar 2015 ƙungiyarsa ta sallame shi. Tambayar ita ce, a safiyar Litinin da ta biyo bayan kowane ɗayan waɗannan wasanni, akwai hanyar da mai hankali zai bi ya rarrabe tsakaninsu? Tambayar ta wuce ta 'yan kallo. Ita ce masanin halittu yake fuskanta duk lokacin da ya auna dabba ko tsiro sau ɗaya, ita ce kuma malami yake fuskanta idan ɗalibin da ba a san shi da ƙoƙari ba ya zo na ɗaya a jarrabawar gwaji.

Wasan da kuma zaɓen

Wannan wasa dabam yake da ƙwallon ƙafar da aka saba gani a filayen makarantu. Amurkawa na kiransa ƙwallon ƙafa, amma galibinsa da hannu ake yi. Ƙwallon doguwa ce mai tsini a kai da gindi, filin kuwa yadi 100 ne daga layin gida zuwa layin gida, kuma yadi ɗaya santimita 91 ne da 'yan kai. Kowane ɓangare yana da mutum 11. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo ana ba shi dama huɗu ya matsa gaba da yadi 10. In ya yi, a sake ba shi huɗu, in ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya tsallake layin ƙarshe da ƙwallo a hannu ya ci gida, wato maki 6. Akwai madugu, wanda shi ke karɓar ƙwallo da farko ya jefa wa wani ko ya miƙa. Akwai ɗan gudu, wanda ake miƙa wa ya kutsa da ita. Aikin Foster da Gray ke nan. Sa'an nan akwai ƙarti biyar a sahun gaba, waɗanda aikinsu su ture abokan karawa su buɗe hanya.

Babbar gasar wannan wasa ita ce NFL, kuma tun daga 1936 take da tsarin zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. Kowace shekara ƙungiyoyi kan jeru suna ɗauka ɗaya bayan ɗaya, wadda ta fi shan kashi bara ita ke farawa. Daga 1994 zagaye bakwai ake yi, a ɗauki mutum 250 da 'yan kai. Kafin ranar, masu farautar gwanaye sun shafe shekaru suna kallon wasannin jami'a, an auna tsayin kowa da nauyinsa, an sa shi ya yi tseren yadi 40, likitoci sun duba gaɓoɓinsa. Saboda haka wanda aka gama zagaye bakwai ba a kira sunansa ba, an san da shi sarai. An dube shi ne aka wuce. Irin waɗannan sukan shiga ƙungiya ta ƙofar baya, da ɗan ƙaramin albashi, yawancinsu kuma a sallame su tun kafin a fara gasa.

Waken Galton

A shekarar 1875 wani Baturen Ingila mai suna Francis Galton, ɗan'uwan Charles Darwin, ya rarraba wa abokansa irin wani wake na fure. Ya kasa irin kashi bakwai gwargwadon girma, ya ce su shuka su aiko masa da abin da ya fito. Da ya auna, sai ya ga manyan iri sun haifi manya, amma girmansu bai kai na iyayen ba. Ƙanana sun haifi ƙanana, amma ƙanƙantarsu ba ta kai ta iyayen ba. A 1886 ya buga irin wannan sakamako game da tsayin mutane, bayan ya auna 'ya'ya 928 da iyayensu. Idan tsayin iyaye ya zarce matsakaici da inci uku, 'ya'yansu a jimlace sukan zarce da kamar inci biyu ne. Galton yana da ra'ayoyi game da fifikon jinsin mutane waɗanda kimiyya ta yi watsi da su, kuma sun cancanci a yi watsin da su, amma wannan abu da ya gano ya tsaya da ƙafarsa. Ana kiransa komawa ga matsakaici.

Da farko Galton ya ɗauka wata doka ce ta gado. Daga baya aka gane cewa ta fi haka faɗi, domin tana bayyana duk inda awo ya ƙunshi abu biyu: wani kashi mai ɗorewa da wani kashi mai wucewa. Sakamakon ɗan gudu a wasa ɗaya ya ƙunshi saurinsa da ƙarfinsa da kaifin idonsa, waɗanda zai zo da su mako mai zuwa. Ya kuma ƙunshi raunin abokan karawar ranar, da santsin fili, da ƙafar mai tsaro da ta zame a daidai lokacin da ya kamata ya kama shi, da shawarar mai horarwa ta a ci gaba da ba shi ƙwallo. Waɗannan ba za su biyo shi ba. To, ranar da mutum ya yi abin da ya fi na kowa, kusan tilas ne a ce kashi biyun sun haɗu sun yi masa kyau a lokaci guda. Wannan haɗuwa ita ta sa aka lura da shi tun farko. Mako mai zuwa gwaninta na nan, sa'a kuwa sabuwa za a raba.

A duba alƙaluman mutanen nan biyu. A ranar da ya yi fice, Foster ya ci yadi 7 a kowace ɗauka, amma a duk kakar 2010 matsakaicinsa yadi 4.9 ne, kuma a kowane wasa yadi 101. Har ya bar wasa bai sake kai 231 ba. Gray ya ci yadi 5.4 a kowace ɗauka a darensa. A sauran wasanninsa na wannan kaka an ba shi ƙwallo sau 52 ya ci yadi 211, wato kamar 4.1, wanda shi ne abin da ɗan gudu na yau da kullum yake samu a gasar. Ashe dukansu biyu sun sauko. Saukowa ba ta nuna cewa mutum holoƙo ne, domin gwani ma yana saukowa. Abin dubawa shi ne matakin da ya sauka a kai ya tsaya.

Wannan ne ma asalin wani camfi da ya daɗe a Amurka, cewa duk wanda ya fito a bangon Sports Illustrated sai tauraronsa ya dushe. Babu wata ƙofi a jikin takarda. Ana sa mutum a bango ne a makon da ya kai ƙololuwa, daga ƙololuwa kuwa duk inda aka taka gangara ce.

Awo nawa ya isa?

Masu nazarin kiwon dabbobi suna da wani ma'auni da suke kira maimaituwa, wanda ke tashi daga 0 zuwa 1. Idan aka auna tsayin saniya yau, aka sake aunawa bayan mako guda, kusan abu ɗaya za a samu. Maimaituwar tsayi tana kusa da 1. Amma madarar da aka tatsa da safiya ɗaya ta danganta da abin da saniyar ta ci jiya, da ruwan da ta sha, da zafin rana, da hannun mai tatsa. Wanda ya sayi saniya saboda ƙwaryar da ta cika a gabansa sau ɗaya ya yi kasada. Shi ya sa masana kan tara awon kwanaki da yawa, har ma na haihuwa biyu ko uku, kafin su ce ga saniyar da za a riƙe don iri.

Akwai ɗan lissafi mai sauƙi da ke nuna amfanin maimaita awo, wanda Charles Spearman da William Brown suka fitar a 1910. A ninka maimaituwar awo ɗaya da yawan awo. Sa'an nan a raba da abin da aka samu idan aka ninka maimaituwar da yawan awo ban da ɗaya, aka ƙara 1. A ɗauka, don misali kawai, cewa maimaituwar sakamakon wasa ɗaya 0.2 ce, wato kashi ɗaya cikin biyar na bambancin da ake gani tsakanin 'yan wasa a rana guda shi ne na gaskiya. Da wasa 4, sai a raba 0.8 da 1.6, a samu 0.5. Da wasa 16, a raba 3.2 da 4, a samu 0.8. Daga 1978 zuwa 2020 wasa 16 kowace ƙungiya take yi a kaka, daga 2021 aka mai da su 17. Ke nan ko cikakkiyar kaka ba ta kawar da shakka ɗungurungum, balle yammaci ɗaya.

Tushen wannan tunani tsoho ne. Jacob Bernoulli, masanin lissafi na birnin Basel a Suwizalan, ya tabbatar da abin da ake kira dokar manyan lambobi a littafinsa da aka buga a 1713, shekara takwas bayan rasuwarsa. Wanda ya jefa kwabo sau 10 yana iya samun fuska sau 8 ba tare da wani abin mamaki ba, amma wanda ya jefa sau 1,000 ya samu fuska 800, to a binciki kwabon. A 1971 Amos Tversky da Daniel Kahneman suka nuna cewa hatta masu bincike da suka karanci lissafi sukan ɗauki ƙaramin samfur tamkar babba. Zuciyar ɗan Adam tana gaggawar yanke hukunci daga abu kaɗan.

Wani tarkon kuma yana cikin matsakaicin kansa. Alal misali, ɗan gudu ya ɗauki ƙwallo sau 10. Sau 9 ya ci yadi uku-uku, sau ɗaya mai tsaro ya faɗi ya samu fili ya ruga yadi 70. Jimla yadi 97, matsakaici 9.7, jarida ta ce an samu sabon tauraro. Amma idan aka jera lambobin goma daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki na tsakiya, 3 za a samu. Mai son sanin gaskiya ba ya tsayawa ga jimla. Sai ya warware ta ya ga daga ina ta taru. Haka nan abubuwan da ake aunawa ba su yi daidai wajen maimaituwa ba. Saurin gudu da aka auna da agogo yana maimaituwa ƙwarai. Yawan cin gida kuwa ya danganta da ko an kawo ƙwallo kusa da layi, da ko shi aka zaɓa a miƙa wa. Gida huɗun da Gray ya ci su suka fi ɗaukar ido, su ne kuma mafi raunin shaida.

Abin da aka sani tun kafin wasan

Rashin zaɓen ɗan wasa shi ma shaida ne, kuma rana ɗaya ba ta isa ta share ta ba. Hanyar haɗa tsohuwar shaida da sabuwa ta samo asali daga Thomas Bayes, wani limamin coci na Ingila wanda aka buga aikinsa a 1763. Ga misali da lambobin da aka ƙaga don bayani. A ce akwai matasa 210 da ba a zaɓa ba, 10 daga cikinsu gwanaye ne na gaske da aka yi kuskuren bari, 200 kuwa matsakaita. A ce gwani yana da damar 4 cikin 10 ta yin fice a wasansa na farko, matsakaici kuwa 1 cikin 20. Idan duk suka buga, gwanaye 4 za su yi fice, matsakaita kuma 10. Wato cikin mutum 14 da za a yi wa tafi, 4 ne kaɗai gwanaye.

Wannan lissafi yana da fuska biyu, kuma mutane sukan ga ɗaya su manta da ɗaya. Kafin wasan, damar a ce wannan yaro gwani ne 1 ce cikin 21. Bayan wasan ta zama 2 cikin 7. Ta ninku har sau shida, saboda haka wanda ya ce wasan bai nuna kome ba ya yi kuskure. Amma har yanzu matsakaita sun rinjayi gwanaye a cikin waɗanda suka yi ficen, don haka wanda ya ce an gama magana shi ma ya yi kuskure. Idan kuwa yaron ya sake yin fice a wasa na biyu, lissafin ya juya, damar ta kai kamar 3 cikin 4. Irin wannan lissafi ne likita yake yi idan gwajin wata cuta da ba ta yawaita ba ya nuna alama: sai ya sa a sake gwaji kafin ya tayar wa mutum da hankali.

Har ila yau, yana da muhimmanci a tambayi dalilin da ya sa ba a zaɓi mutum ba, domin dalilan ba nauyinsu ɗaya ba. Foster ya yi ƙoƙari ƙwarai a Jami'ar Tennessee a 2007, inda ya kusan kai yadi 1,200, sai shekararsa ta ƙarshe ta zo da rauni, ga shi an san shi da sakin ƙwallo, sa'an nan ciwon cinya ya hana shi nuna saurinsa a lokacin awo. Kuma wasan Colts bai faɗo daga sama ba: a wasa biyun ƙarshe na kakar 2009 ya ci yadi 97 a kan Miami da 119 a kan New England. Hausawa kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ga Foster an ga Larabar, an ga Alhamis. Gray ya tsinke jijiyar gwiwa a watan Nuwamba na 2011, a shekararsa ta ƙarshe a Jami'ar Notre Dame, wanda wannan uzuri ne mai ƙarfi. Sai dai bayan nan ƙungiyoyin Miami da Baltimore sun riƙe shi shekara guda-guda, suna ganinsa a filin atisaye, ba wadda ta sa shi a wasan gasa.

Iri ne ko ƙasa?

Duk ɗalibin ilmin halittu ya san cewa abin da ake gani a jikin halitta haɗin gwiwa ne tsakanin gado da muhalli. Dawar da ta yi tsayi a gefen juji ba lallai ne irinta ya fi ba. Hanyar rarrabewa ita ce a shuka wani iri a wannan wuri, ko kuma a ɗauki wannan iri a kai shi wani wuri. A shekarun 1930 da 1940 masana uku, Jens Clausen da David Keck da William Hiesey, sun yi haka a Kalifoniya. Sukan tsaga tsiro ɗaya kashi uku, su dasa a lambuna uku: ɗaya kusa da gaɓar teku, ɗaya a tsayin mita 1,400, ɗaya a wajen mita 3,000 a kan duwatsu. Tun da gadon ɗaya ne, duk bambancin da ya fito na muhalli ne.

Tarihi ya yi wa Gray gwaji na farko, wato shuka wani iri a wuri ɗaya. A watan Janairu na 2014, wata goma kafin darensa, wani ɗan gudun Patriots mai suna LeGarrette Blount ya ci yadi 166 da gida 4 a kan Colts. A watan Janairu na 2015, wata biyu bayan daren, Blount ya sake cin yadi 148 da gida 3 a kan Colts ɗin. Ƙungiya ɗaya, abokan karawa ɗaya, mutum biyu dabam, sakamako kusan iri ɗaya har sau uku. A daren Gray ma, Patriots ta yi ta shigo da ƙato na shida cikin sahun gaba don ƙara nauyi. Hujja ta fi karkata ga cewa ƙasar ce mai albarka. Adalci ya sa a ce irin wannan zargi ya shafi Foster shi ma, domin mai horar da shi, Gary Kubiak, ya fito ne daga Denver, inda tsarin buɗe hanyarsu ya sa 'yan gudu da dama da ba a san su ba suka wuce yadi 1,000. Abin da ya wanke Foster shi ne yawan awo, ɗauka 327 a kan ƙungiyoyi iri-iri cikin kaka ɗaya, da kuma cafe ƙwallo sau 66 da ya yi, wanda aiki ne da ƙartin gaba ba sa yi wa mutum.

Gwaji na biyu, wato dasa iri a wata ƙasa, Kurt Warner ne misalinsa. Madugu ne da ba a zaɓa ba a 1994. Green Bay Packers ta gwada shi ta sallame shi, ya koma jera kaya a kanti da dare, ya buga wasa a ƙaramar gasa ta cikin ɗaki, sa'an nan a 1998 aka tura shi Amsterdam, inda ya fi kowa yawan yadin jifa a gasar Turai. A 1999 madugun St. Louis Rams, Trent Green, ya ji ciwo a gwiwa kafin a fara gasa, aka sa Warner don babu yadda za a yi. A wasansa uku na farko ya jefa ƙwallon cin gida uku-uku. Ya ƙare kakar da 41, aka ba shi kambun gwarzon gasa, ƙungiyar da ta ci wasa 4 kacal a 1998 ta ɗauki kofi a watan Janairu na 2000. Duk da haka masu shakka suna da abin faɗa, domin yana kewaye da zaratan 'yan wasa irin su Marshall Faulk da Isaac Bruce da Torry Holt. Da ya ji ciwo a hannu, wasansa ya lalace daga 2002, shakkar ta ƙaru. Amsar ta zo ne a kakar 2008, lokacin da yana da shekara 37 ya kai Arizona Cardinals wasan ƙarshe na cin kofi, da wasu abokan wasa, a ƙarƙashin wani mai horarwa. A 1999 kashi 65 cikin 100 na jifansa sun isa hannun da aka nufa, kuma matsakaicinsa na duk rayuwar wasa bai yi nisa da wannan ba.

Yabo da faɗa

Kahneman ya ba da labarin abin da ya faru lokacin da yake koyar da masu horar da matuƙan jiragen yaƙi a Isra'ila. Ya gaya musu cewa yabo ya fi faɗa amfani wajen koyarwa, sai wani tsohon mai horarwa ya musa. A ganinsa, duk ɗalibin da ya yaba wa sai ya lalace a tashi na gaba, wanda kuwa ya yi wa tsawa sai ya gyaru. Abin da mutumin ya gani gaskiya ne, fassararsa ce kuskure. Yana yabo ne bayan tashi mafi kyau, yana tsawa bayan mafi muni, kuma dukansu biyu za su koma ga matsakaici ko da bai buɗe baki ba. Malaman makaranta ya kamata su yi wa wannan dogon tunani. Yaron da ya samu 90 a gwajin farko ya dawo 70 a na biyu, ba lallai ne girman kai ya shige shi ba. Wanda ya tashi daga 20 zuwa 40 bayan an zane shi, ba lallai ne bulala ta yi aiki ba.

Labarin Gray ma an fi ba da shi ta wannan fuska ta ɗabi'a. Kwana biyar bayan babban darensa ya makara zuwa atisaye, aka ruwaito cewa batirin wayarsa ne ya mutu ƙararrawa ba ta kaɗa ba, mai horarwa Bill Belichick ya mai da shi gida, kuma bai taɓa ƙwallo a wasa na gaba ba. Sai aka ce makara ce ta kashe shi. Ta taimaka, babu shakka. Amma a cikin wannan makon ne Pittsburgh ta sallami Blount, Patriots ta yi wuf ta dawo da shi tun kafin makarar. Masu horarwar da ke ganin Gray kullum a filin atisaye suna da awo ɗaruruwa, 'yan kallo suna da ɗaya. Bayan Patriots ya ɗan taɓa wasa a Miami da Jacksonville a 2015. Duk abin da ya tara a gasar bai kai yadi 600 ba, kuma fiye da sulusinsa a dare ɗaya ya same shi.

Jiki

Ko an tabbatar da gwaninta, ɗorewarta tana hannun nama da jijiya. Ɗan gudu yana cin karo da mutane masu nauyin kilo 100 zuwa sama sau ɗaruruwa a kaka ɗaya. Jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi, da waɗanda ke ɗaure tsoka da ƙashi, ba su da wadatar hanyoyin jini kamar tsoka, shi ya sa warkewarsu take da nawa. Jijiyar agara, wadda ta haɗa tsokar sha-raɓa da diddige, ita ce mafi kauri a jikin mutum, kuma tana aiki kamar roba: tana miƙewa idan ƙafa ta sauka, ta sako ƙarfin idan za a zabura. Idan ta tsinke aka ɗinke, sau da yawa takan warke da ɗan ƙarin tsayi, tsokar kuma ta rame, sai zaburar farko ta ragu. A wasan da ake cin tazara da ɗan taki ɗaya, wannan ragi ba ƙarami ba ne.

James Robinson, wanda ba a zaɓa ba a 2020, ya ci yadi 1,070 cikin wasa 14 a shekararsa ta farko a Jacksonville. Wannan ba awon rana ɗaya ba ne, ya ci kowace jarrabawa da aka ambata a sama in ban da ta sauya ƙasa. A watan Disamba na 2021 agararsa ta tsinke, kuma bai sake komawa matsayinsa na da ba. Foster ma agara ce ta tsinke masa a watan Oktoba na 2015. Houston ta sallame shi, ya koma Miami, ya buga 'yan wasanni, ya ajiye takalmi a watan Oktoba na 2016 yana da shekara 30, da yadi fiye da 6,500 a littafinsa.